Katangar Alhaji Gambo

Ni da hannuna na sa hannu a takardar haya, a kan ƙasar da aka binne cibiyata. Duk wanda ya ga abin dariya a ciki ya yi, ni ma na yi a ranar, sai dai tawa ta takaici ce.

Gidanmu ne a da, a Madabo. Da Baba ya rasu magada suka yi yawa, gida ɗaya kowa da bakinsa, aka sayar aka raba. Alhaji Gambo, wani ɗan kasuwa mai sayar da tayil, ya saye namu da guda biyu na kusa da shi, ya sa aka rushe su, ya tayar da bene filat-filat. Fenti ruwan toka, baƙin get, maigadi, sola a sama, rijiyar burtsatse a ƙasa. Benen ya tsaya a tsakiyar gidajen ƙasa kamar baƙon da ya zo biki da kayan da suka fi na ango.

Ni da Inna muka koma Kabuga wajen Yaya Kabiru, don a lokacin aurena ya riga ya mutu. Inna ba ta taɓa sakin jiki a can ba. Sai ta faɗi a makewayi, ƙugu ya karye, aka yi aiki bai kama ba, ciwon zuciya ya taso a kai. Da aka kusa sallamar mu likita ya ja ni gefe ya ce a kai ta gida, a kula da ita, a ba ta duk abin da take so. Ba yarinya ba ce ni, na san ma'anar maganar. Na dawo bakin gado na tambaye ta me take so.

"Madabo," ta ce, ba ta ƙara komai ba.

Ni malamar makaranta ce, lissafi nake koyarwa a wata sakandiren 'yan mata a cikin gari. Na bincika na ji filat ɗin ƙasa na benen Alhaji Gambo ba kowa. Hashim, ejan ɗin da ke kula da gidan, ya zagaya da ni yana kaɗa makullai yana karanto mini dokoki.

"Malama Zaituna, nan fa ba irin gidajen cikin gari ba ne. Ba daka, ba girkin itace, ba kiwo, ba taro. Ko ƙusa za ki kafa a bango sai kin kira ni."

"A cikin garin kake tsaye, Hashim," na ce masa. "Nan daidai inda ka ɗora takalminka turmin Innata yake zama."

Ya dubi ƙafarsa, ya yi yaƙe, ya miƙo mini biro.

Ba zan ɓoye ba, na so gidan nan. In ka murɗa famfo ruwa ya zo, wuta ba ta ɗaukewa, bayi yana cikin ɗaki, ba sai na kinkimi Inna zuwa ko'ina ba. Makaranta da ƙafa nake zuwa. Kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa riƙe makullin da yake nawa ni kaɗai ba, daga gidan uba sai gidan miji sai gidan yaya. Motar asibiti ta kawo Inna har bakin ƙofa, aka shimfiɗar da ita a gado, ta ji kiran sallar masallacin unguwa ta gane muryar ladan. Na ce a raina na gama nawa, ashe ko farawa ban yi ba.

A cikin gari, in maƙwabta suka yi aminci, akan fasa 'yar ƙofa a katangar da ke tsakaninsu. Mata su riƙa bi ba mayafi, a ɗebo wuta, a aro gishiri, a kai jariri. Irin wannan ƙofar ce tsakanin gidanmu da gidan Malam Ado. A shekara ɗaya aka kawo Inna da matarsa Nana Hauwa unguwar suna amare, kuma an ce Baba da Malam Ado sun fasa ƙofar ne don sun gaji da hirar da matan ke yi ta saman katanga, kowacce a kan turmi. Nana Hauwa ce ta karɓi haihuwata. Ita ta fara dukana a duniya, kuma ba ta daina ba sai da aka kai ni ɗaki.

To, ana saura 'yan kwanaki mu tare Malam Ado ya rasu, Nana Hauwa ta shiga takaba. Ga Inna a kwance, ga aminiyarta a bayan katanga, in aka yi tari a can ana ji a kicin ɗinmu, amma ba mai iya zuwa wajen wata. Kowace safiya ina goge wa Inna jiki za ta ce, "Ban yi wa Hauwa gaisuwa ba." Da yamma ta sake faɗa. Kokon da nake dama mata ma ta fara ture shi.

Na ɗauki mayafi na zaga. Get ɗinmu titi yake kallo, ƙofarsu kuwa tana can cikin lungu, sai ka wuce masallaci da majalisar masu shayi da shagon masu ɗinki kafin ka kai. Na tarar da ita a kan tabarma, ba kwalli ba turare, da wani tsohon zane da ya koɗe. Bayan na yi mata gaisuwa na roƙe ta ta leƙo Inna ko sau ɗaya. Na gaya mata har Liman na riga na tambaya, ya ce mai takaba na iya fita da rana in akwai larura.

"Liman ya faɗi nasa," ta ce. "Uwata ba ta fita ba, kakata ba ta fita ba. Mutumin nan ya riƙe ni shekara hamsin, ba zan kasa zauna masa wata huɗu ba. Ƙafata ba za ta taka titi ba, Zaituna."

Na dawo na lallaɓa Inna, na ce a samo maza su ɗauke ta a kujera a zaga da ita. Ta harare ni da idon da ya rage mata ƙarfi.

"A ɗauke ni a hannun maza, a ratsa da ni gaban masu shayi, suna cewa Allah sarki? Ranar da za a ɗauke ni a lungun Madabo tana nan tafe, ba sai kin gaggauta ba."

Tsofaffi biyu, kowacce kanta ya fi dutsen niƙa tauri, ni a tsakiya. Muka gwada waya. Sumayya, surukar Nana Hauwa, ta kira ni ta bidiyo ta miƙa mata. Nana Hauwa ba ta ji sosai, sai ta manna wayar a kunne, Inna kuma da yanar ido, ta yi ta ƙura wa gilashi ido tana kallon kunnen aminiyarta. Wannan na cewa "Iye?" waccan na cewa "Wa ke nan?" Daga ƙarshe Inna ta juya fuska bango.

"Kashe abin nan. Gaisuwar mutuwa a waya, sai ka ce marar tarbiyya."

Ranar na shiga kicin na yi kuka, na haushi da na tsoro. Ina ganin yadda take ƙarewa. Takabar da saura, Inna kuwa ban ga alamar za ta kai ba.

Washegari da na koma gidan Malam Ado idona ya faɗa kan 'yar ƙofar nan. Tana nan yadda na san ta, da ƙyaurenta na langa-langa, an jingina mata tsintsiya. Na ja ƙyauren ya buɗe, sai ga bulo a gabana. Ashe Alhaji bai taɓa katangarsu ba, tasa kawai ya gina ya manna da ita. Na juyo na dubi Nana Hauwa.

"Nana, in ƙofar nan ta buɗe, za ki shiga?"

"Wannan ai ba fita ba ce," ta ce, kamar na yi tambayar wauta. "Tun da nake ban taɓa sa mayafi na bi ta nan ba."

Na bi hanyar mutunci tukuna, don kada a ce ban bi ba. Hashim ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ba ruwansa. Na je shagon Alhaji Gambo da kaina, na gaishe shi har ƙasa, na yi masa bayani tun daga farko. Na ce ƙofar wucin gadi ce, a bayan kicin ɗina inda nake shanya, ba mai gani, kuma ana gama takaba ni zan sa a toshe a shafe da fenti. Yana saurarena yana danna waya.

"Malama, mutanen da ke gidan nan ma'aikatan banki ne da likitoci. Tsaro suka biya, ba zumunci ba. In na buɗe miki yau, gobe awaki ne za su shigo su hau motocin mutane."

"Alhaji, uwata ce take mutuwa."

"Allah ya ba ta lafiya." Ya ɗago ya dube ni. "Na ji an ce gidan ubanki ne a da. To, a da ne."

Ban san yadda na fito daga shagon ba. Abin da na sani, ban hau adaidaita zuwa gida ba, kasuwar Kurmi na ce ya kai ni. Magina biyu na riga na tuntuɓa, suna jin sunan Alhaji suka ce suna da aiki a wani wuri. Na sayi guduma, irin ta masu fasa dutse, mai shagon yana tambayata ko maigida ne ya aiko ni. Na ce masa ni ce maigidan.

Ranar Asabar da hantsi na ɗaura ɗankwali a ƙugu na fita bayan kicin. Sumayya ta ɗauki taɓarya tana bugun bulon ta wancan ɓangaren, ni kuma ina bin sauti da kunne har na gane wurin. Na yi bismilla na ɗaga guduma. Bugun farko ya koma mini har cikin haƙora. Na biyu ya zubar da filasta. A na uku gudumar ta shige, don bulon Alhaji, duk da fentinsa, yashi ya fi siminti yawa a ciki.

Maigadi ya sheƙo a guje yana salati, ya ce in bari don girman Allah, aikinsa zan ci. Na ce ya je ya kira duk wanda zai kira, ya ce ya hana ni na ƙi. Mutanen sama suka fito baranda, wata matar likita ta ɗaga waya tana ɗaukata. Na ɗaga mata hannu na ci gaba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ƙura ta cika mini hanci, kafaɗata kamar za ta cire, amma tun rasuwar Baba ban ji daɗin wani aiki kamar wannan ba. Da ramin ya kai mutum ya sunkuya ya wuce, Sumayya ta share ɓaraguzan, ta koma gefe.

Nana Hauwa ta sunkuyo ta shigo, ba takalmi, tana taka tayil a hankali kamar mai tsallake kwata. Ta ratsa kicin ta tsaya a ƙofar ɗaki ta yi sallama. Inna ta amsa da muryar da na manta tana da ita, ta ce in tayar da ita zaune, in gyara mata ɗankwali. Sai da na yi duka, sannan ta dubi aminiyarta.

"Hauwa, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya ba ki danganar rashinsa."

"Amin. Amin, na gode."

Sai da suka kammala gaisuwar tsaf yadda ake yinta, sannan Nana Hauwa ta zauna a bakin gado suka riƙe hannun juna suka fashe da kuka. Na bar musu ɗakin. Kafin in gama wanke hannuna na jiyo sun koma faɗa, Nana Hauwa tana cewa an bar Inna ta rame kamar kazar mayu, maza a kawo kokon nan. Inna ta shanye kofi guda a hannunta.

Bayan azahar Alhaji ya iso, da Hashim, da magini ɗauke da bulo a baro. Ko sallama bai yi ba, ya zagayo bayan kicin ya tsaya yana kallon ramin.

"Kin san abin da kika yi? Ɓarna ce wannan! Kai, toshe shi yanzu!"

"Bismilla," na ce. "Amma mai takaba tana ciki wajen Innata. In aka toshe, ta titi za ta koma gidan mijinta, ta gaban masallacin da kake sallar Juma'a. Sai ka shiga ka gaya mata da bakinka."

Maginin ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya ajiye cokalin gininsa ya ce zai je ya sha ruwa.

"To ki ce ta fito ta koma!"

"Ni? Matar da ta yanke mini cibiya? Ba a haife ni ba tukuna."

Ya ce zai kira 'yan sanda. Na ce ya kira, zan sa mayafina mai kyau in jira su, a bi da ni ta cikin unguwa kowa ya tambayi laifina. Ya san Madabo, ya san kafin la'asar labari ya kai Kurmi. Ya yi huci, sannan ya nuna ni da yatsa.

"Na ba ki wata uku ki nemi wani wuri. Ba zan zauna da mahaukaciya a gidana ba."

Na tuna ɗakin da zan koma a Kabuga, ni da kayan matar Yaya. Amma na ce masa na ji, Allah ya kai mu.

Bai haƙura nan take ba. Washegari da sassafe, kafin Nana Hauwa ta shigo, ya turo wani maginin daga wata unguwa ya jera bulo ya tafi. Na bari ya fita get, na sa ƙafa na ture ginin tun simintin yana ɗanye. Aka sake, na sake. Daga nan Hashim ya daina ɗaga mini gaisuwa, ramin kuma aka bar shi, har Sumayya ta rataya masa labule.

Kullum da hantsi Nana Hauwa za ta shigo da carbinta, kafin magariba ta koma ɗakin mijinta. Hutun da na ɗauka a makaranta ya ƙare na koma aji da kwanciyar hankali. In na dawo na tarar da su suna gulmar mutanen da suka shekara talatin a kabari, ko suna musu a kan wadda ta fi iya tuƙa tuwo a zamaninsu. Miyar kuka ta riƙa shigowa ta ramin, maganin ciwon gwiwa yana fita. Akuya ma ta shigo sau ɗaya, gaskiyar Alhaji, ta ci furen matar likita.

Ina tsaye gaban allo wata Talata Sumayya ta kira ni ta ce in zo. Ban tarar da Inna da rai ba. Kanta yana kan cinyar Nana Hauwa, an rufe mata ido, an ɗaure mata haɓa. Nana Hauwa ta ce ba ta sha wahala ba, ta laƙƙana mata kalmar shahada ta amsa, ta sake ta amsa, sai ta yi shiru. Ita ta yi mata wanka, ita ta sa mata likkafani. Da maza suka shigo da makara ta sunkuya ta koma gidanta, ta tsaya a bayan labule tana jin fitarsu.

Ranar sadakar uku Alhaji Gambo ya zo gaisuwa. Dokar hana taro ta sha ruwa, don mata sun cika filat har bayan kicin, maza kuma sun shimfiɗa tabarmi a inda ake ajiye motoci. Bayan an shafa fatiha ya sa aka kira ni gefe. Ya sassauta murya, da alama maganganun unguwa sun isa kunnensa.

"Malama, abin da ya wuce ya wuce. Ki ci gaba da zamanki, ban kore ki ba. Abu ɗaya nake so. Ki tara sauran 'yan haya a gaban Hashim, ki ce kin yi kuskure, ki ba da haƙuri. Don kada gobe wani ma ya ɗauko guduma."

Na juya na dubi ƙofar filat ɗin. Ina son gidan nan har raina, kuma na san ba zan sake samun irinsa a Madabo ba. Kalma biyu ce kawai, mutane na faɗinta kullum ba tare da ta kai zuci ba. Yaya Kabiru yana gefe yana yi mini alama da ido in karɓa.

"Alhaji, katangarka zan gyara maka ita, har fenti, ranar da Nana ta fita takaba. Amma ban yi kuskure ba."

"Ki yi tunani dai."

"Na yi. Da bakina ba zan ce da na bar uwata ta mutu ita kaɗai ya fi ba."

Na cika alkawari. Ranar da Nana Hauwa ta yi wankan fita takaba na kawo magini ya toshe ramin, aka shafe, aka yi fenti, ba ka ce an taɓa wurin ba. A ƙarshen watan na kwashe kayana a motar a-kori-kura. Nana Hauwa ta zagayo ta titi, da takalminta da mayafinta, ta tsaya a bakin get tana yi wa masu lodi faɗa kada su fasa mini madubi. Hashim ya karɓi makulli, ya tsaya yana jujjuya shi, ya ce har yanzu fa Alhaji ya ce in na canza shawara ƙofa a buɗe take. Na ce ya gaishe shi, na hau gaban mota.